Ɗan dakon Singa da girbin waje: nazarin wata goma sha takwas a kan katifa

Ranar da ya fara zuwa ɗakin atisayenmu na judo, ko minti ɗaya ba a yi ba ya maka babban ɗalibina da ƙasa. Sunkuyawa ya yi kamar mai tsintar allura, hannun dama ya cafki bayan gwiwa, kafaɗa ta tura ciki, sai ji muka yi tim! Yara suka kaure da ihu. Shi kuwa ya miƙe yana gyara rigar aron da muka ba shi, yana jira a ɗaga hannunsa.

Na ce, "Ƙanena, kaye ya yi kyau, amma a nan laifi ne."

Ya dube ni, ya dubi wanda ke kwance. "Malam, ba ga shi a ƙasa ba?"

A shekarun da na yi ina koyar da judo a Kano, ban taɓa samun ɗalibin da ya tona mini kurakuraina kamar wannan yaro ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda muka yi da shi. Ba zan kama suna ba. Shekararsa 22 a lokacin, daga wani ƙauye ta wajen Gaya. Cin rani ya kawo shi birni, zama ya kama shi. Dako yake yi a Kasuwar Singa, tun safe yana sauke buhunan sukari da shinkafa masu kilo 50 daga bayan tirela zuwa sito. Dogo ne, ƙafafu zaƙo-zaƙo, wuya da gadon baya kamar an sassaƙa. Nauyinsa na kai-kawo tsakanin kilo 78 da 80, wato ajin 'yan kilo 81 ke nan. A garinsu ɗan kokawa ne. Bayan kaka, in an share dandali an saki kiɗa, yana cikin waɗanda ake ajiyewa sai ƙarshe. Kuma duk sunan da ya yi, da abu guda ya yi shi: ɗaukar ƙafa.

Abin da ya yi wa ɗalibina yana da suna a judo, kuciki-tawoshi, wato tunkuɗe mataccen itace. Yana cikin karatun Kodokan, makarantar da Jigoro Kano ya kafa a Tokiyo a 1882. Duk sabon yaro sai ya tambaye ni ko mutumin Bakano ne. Bajafane ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Matsalar ita ce hukumar judo ta duniya ta hana fara kai hari da kama ƙafa a 2010, a 2013 kuma ta hana kai hannu ƙafa gaba ɗaya muddin ana tsaye. Yau wanda ya yi, alƙalin wasa zai ba shi shido, wato gargaɗi, in ya tara uku wasa ya ƙare masa. Yaro ya shigo da jarinsa kacokan, a bakin ƙofa aka ce masa kuɗin nan an daina karɓarsu.

Kayen da ba nasa ba

Jafanawa na da kalma, tokuyi-waza: kayen da mutum ya fi ƙwarewa a kai, wanda in wuya ta yi wuya jikinsa ke komawa gare shi ba tare da ya yi shawara da kansa ba. Kodokan ta lissafa kaye 68 na tsaye, amma in ka bi tarihin manyan 'yan wasa, da biyu ko uku suka ci duniya. Toshihiko Koga da goyo ya ɗauki zinare a gasar Olamfik ta Basalona a 1992. Kosei Inoue da uci-mata, wato ɗaga mutum da ƙafa ta cikin cinyoyinsa, ya ɗauki tasa a Sidni a 2000. Kowa a filin ya san abin da za su yi, kuma su yi shi a gaban kowa.

Ni gajere ne, kuma kayena goyo ne, sewoi-nage: ka juya, ka shige ƙarƙashin mutum, ka goya shi, ka sauke shi ta kan kafaɗa. Shi malamina ya ba ni, da shi na yi ɗan abin da na yi a ƙuruciya. Da na ga yaron nan ya rasa makaminsa, sai na ce bari in ba shi nawa. Har hujja na kafa wa kaina: wanda ke yini da buhu a kafaɗa, goyon mutum ba zai gagare shi ba. Hujja ce mai daɗin ji, amma ba ta da tushe. Goyo ba ƙarfin ɗauka yake so ba, so yake ƙugunka ya sauka ƙasa da ɗamarar abokin karawarka cikin ƙiftawar ido. Gajere a hanya yake samun haka. Dogo sai ya durƙusa sosai, ga shi gwiwoyin yaron kafin La'asar sun riga sun sha hawa da saukar katakon tirela. Sai ya juya ƙugu na sama, a rungume shi ta baya, a zaunar da shi kamar ƙaramin yaro.

Wata huɗu muka kwashe a haka, damina guda. Bai taɓa yi mini musu ba. Komai na ce, "To, Malam." Wannan ladabin nasa ne ma ya ja mana ɓata lokaci, don da ɗan birni ne da tuni ya ce mini abin nan fa ba ya yi.

Wata rana bayan Magariba muna zaune a bencin mai shayi, yana tsoma burodi a kofi, sai ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Malam, kada ku ga kamar raini ne. In na juya wa mutum baya, ji nake kamar na ba shi kaina kyauta. A garinmu ba a ba abokin kokawa baya."

Na yi shiru. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, ni kuwa na ɗauki akuyata na ɗaure a gidan wani ina mamakin ta ƙi ƙiba.

Daga ranar na daina gaya masa abin da zai yi. Mako uku ina gefe da littafin rubutu irin na 'yan firamare, ina kallonsa a randori, wato kokawar gwaji da ake sakin kowa ya yi abin da ya ga dama. Duk lokacin da ya sa wani ya yi tangaɗi sai in rubuta: wace ƙafa ya taka, ina ya tura, ina hannunsa yake. Kafin littafin ya kai rabi abin ya fito fili. In ya manta ina wurin, ƙirji da ƙirji yake nema, yana tura mutum baya ta kusurwar damansa, ƙafarsa ta dama tana lalube a iska ba ta san inda za ta sauka ba. Aikin da aka hana hannu, ƙafa ke neman ta karɓa. Osoto-gari ne yake ƙwanƙwasa ƙofa tun tuni, ni ne ban ji ba.

Lauje

Da na fassara masa sunan, na ce ma'anarsa babban girbi ta waje, sai ya yi dariya. "Ashe lauje ne." Manomi ba sai an yi masa dogon bayani ba: hannu ɗaya ya tattaro ciyawa ya kwantar da ita, sannan lauje ya bi ta ƙasa. In ba ka kwantar ba, sara kawai kake yi. Tun daga ranar a ɗakinmu girbin waje ake cewa.

Yadda yake ga na-dama: hannun dama a kwalar riga, na hagu a hannun rigar abokin karawa wajen gwiwar hannu. Ka taka ƙafar hagu ta sauka daidai gefen ƙafarsa ta dama, ba bayanta da nisa ba, ba kuma gabanta ba. Ƙirjinka ya haɗu da nasa, hannu biyu su tattara nauyinsa duka su ɗora a kan dugadugin dama. Sai a nan ƙafarka ta dama za ta wuce, ta dawo ta share tasa ta baya, kanka na yin ƙasa ƙafa na yin sama kamar sikeli. Wannan ɗora nauyin shi Jafanawa ke kira kuzushi, kuma shi ne kayen. Sharar ƙafa cikawa ce kawai.

An sha ba da labarin yadda Masahiko Kimura, shahararren ɗan judon Jafan, ke gwada wannan kaye a jikin bishiya. Mu tsohuwar robar taya muka karɓo wajen mai faci, muka ɗaura a darbejiyar bakin ƙofa. Kullum kafin a shiga ɗaki sai ya yi shiga ɗari a jikinta. Abu ɗaya na kafa masa doka a kai: ba ya gwada shi a kan sababbi. Wanda aka yi wa girbin waje ta baya yake faɗuwa, in bai iya faɗuwa ba ƙeya ce ke fara isa katifa.

Wata uku yana shara. Babu wanda bai kwantar ba a ɗakin, har da ni, sau biyu.

Sai aka gane shi

Wani yaro ɗan Gwale ne ya fara karya lagon, siriri, ko kusa bai kai shi ƙarfi ba, amma akwai lura. Ya gano cewa in ɗan dako ya matsu, daga nesa yake miƙo ƙafa, ƙirji a baya. Shi kuwa girbin waje yana da wani sirri mai ban tsoro: a daidai lokacin da ƙafafu suka sarƙe, ku biyun tsayuwarku iri ɗaya ce sak. Wanda ƙirjinsa ke gaba shi ne mai kaye, ko da ba shi ya fara ba. Ɗan Gwale ya jira, ƙafa ta zo, ya taka hagunsa baya kaɗan, ya tura ƙirji, ya mayar masa da kayansa. Osoto-gayeshi ke nan. Ƙarar faɗuwar har mai shayi sai da ya leƙo.

Cikin mako biyu ɗaki duka ya koya. Wasu su janye ƙafar dama tun kafin ya iso. Wasu su turo shi da ƙarfi su mayar da nauyi kan hagu. Wasu su sandare kawai su jira ya gaji.

Ya same ni ina naɗe ɗamara. "Malam, a canza mini wani. Wannan ya mutu."

Na ba shi labarin Teddy Riner na Faransa, wanda ya yi kusan shekara goma ba a kayar da shi ba, wasa 154 a jere. A watan Fabrairun 2020, a birnin Faris, gaban mutanensa, ya shiga uci-mata, Kokoro Kageura na Jafan ya goce masa, ƙarfin Riner ɗin kansa ya kai shi ƙasa. Kayen da aka san ka da shi, a nan ake yi maka kwanto. Wannan bai sa Riner ya jefar da nasa ba. A wannan gaɓar na ga malamai da yawa suna ɓata yara: da an toshe kaye sai a ba da sabo, shi ma a toshe a ba da wani, shekara biyar yaro ya san sunan kaye ashirin ba ya iya kayar da kowa da ko ɗaya. Na ce masa ba za mu canza ba, 'yan rakiya za mu nemo masa.

Kuskurena na biyu, kalma ɗaya ce

Haɗa kaye da kaye shi ake kira renraku-waza. Wanda na fara ba shi tsohon haɗi ne da kowane ɗan judo ya sani: o-uci-gari, girbin ciki, sannan girbin waje. Ƙafarka ta dama ta shiga tsakanin ƙafafunsa ta share hagunsa ta ciki. Don ya tsira sai ya ɗage hagun ya ja ta baya, nauyinsa duka ya koma kan dama. To ga abin da kake nema ya kawo maka da kansa.

A baki haka yake. Amma da zan koya masa sai na ce, "Ka nuna masa girbin ciki, in ya ruɗe ka shiga da naka." Nuna. Wannan kalma ta ci mana mako shida.

Abin da ya riƙa yi shi ne ya ɗan taɓa ƙafar mutum kamar mai sallama a ƙofar gida, hankalinsa tuni yana kan kaye na biyu. Ba wanda ya motsa. Me zai sa su motsa? Jikin ɗan Adam ba ya guje wa abin da bai ji zai kayar da shi ba, kuma ta riƙon kwala kaɗai mutum na jin ko da gaske kake. Sai ya zama ya rasa duka biyun: na farko wasa ne, na biyu kuma ya zo a makare, a tsaye kan ƙafa ɗaya, ƙirji a buɗe. Ɗan Gwale ya samu kasuwa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle ɗaya ta roba ce.

Sai da na koma na yi ta kallon tsofaffin wasannin Yasuhiro Yamashita a waya, mutumin da ya ci wasa 203 a jere daga 1977 zuwa 1985, sannan na ga inda na karkace. Girbin ciki, girbin waje da uci-mata, su ne manyan makamansa, kuma kowanne shi kaɗai yana iya gama wasa. Abokin karawarsa ba ruɗuwa yake yi ba, gudun ransa yake yi daga kaye na gaske, gudun ne ke jefa shi bakin na biyu. Ashe kaye na biyu ba shirya shi ake yi tun daga gida ba, daga kuɓucewar na farko ake haifarsa. Wanda ya shiga da niyyar na farko ya faɗi, ai bai shiga ba.

Na kira shi na ce, "Ƙanena, ni na faɗa maka ba daidai ba. Daga yau babu nunawa. Girbin ciki za ka yi kamar ba ka da wani." Na hana shi girbin waje a randori ɗungurungum har wata biyu.

Abin ya faɗo cikin azumi, muka mayar da atisaye bayan sallar asham. Ya sha ƙasa a watan nan, har yara ƙanana suna layin kama shi. Amma azumin ya yi mana wani aiki da ban tsara ba. Mutumin da ya yini da buhu a ka, baki a bushe, ba shi da ƙarfin da zai yi ta banka da daddare. Dole ya fara jira. Ya fara jin lokacin da ƙafar mutum ke shirin sauka, nauyi bai gama zama a kanta ba, ya share ta a nan. Daren ashirin da wani abu ya kwantar da ɗan Gwale da girbin ciki tsantsa, a hankali, kamar an zare kujera. Bayan Sallah da na sake masa mara, girbin ciki ya riga ya zama abin tsoro, mutane na ɗage ƙafa da gaske, girbin waje ya dawo da ransa.

Taku ɗaya, ƙofa uku

Sauran watannin a kan amsoshin nan uku da ɗaki ya ƙirƙiro muka kashe su. Yadda muke yi: in raɗa wa abokin atisayensa a kunne abin da zai yi, shi bai sani ba. Ya shiga girbin waje da gaske, sannan jikinsa ya karanta amsa.

In an janye ƙafar dama, hagu ta rage a gaba ita kaɗai, girbin ciki na jiranta. Wannan bai ba shi wuya ba. In an sandare, sai ya bar ƙafarsa a sarƙe ya yi ta tsalle da hagu yana tura mutum baya har ya kife. Jafanawa ken-ken suke ce wa wannan tsallen, shi kuwa ya ce, "Malam, ai langa ce." Ya yi ta tun yana yaro, tsayuwa a ƙafa ɗaya ba baƙonsa ba ne. Sai dai na sa ido sosai a nan, domin in aka sarƙe gwiwa ta gefe aka yi tsalle a kanta, jijiya ke tsinkewa. Baya ake turawa, ba gefe ba.

Ta ukun ce ta ci mana damina ta biyu. In mutum ya turo ka ya mayar da nauyi kan hagu, maganinsa sasaye, mu tokari muke cewa: takun farko iri ɗaya ne da na girbin waje, amma maimakon ƙafar dama ta wuce, sai tafinta ya tokare idon sawunsa na hagu, hannu biyu su juya shi kamar sitiyarin babbar mota. Kyawun abin shi ne har zuwa rabin hanya ba mai iya bambance su, riƙo ɗaya, taku ɗaya. Duk haɗin da zai sa ya saki kwala ya sake kamu, na cire shi daga lissafi, komai kyansa a bidiyo. Wahalar kuwa, tokari hannu mai laushi yake so, shi kuma hannunsa ya saba da wuyan buhu. Yakan finciki mutum tun kafin ya turo. Na gaji da magana, na riƙa ɗaure masa ido da ɗankwali in sa shi ya yi da jin jiki kawai. Ko wannan ne ya yi aiki ko yawan maimaici, wata rana dai muka ga ya daina fizga.

Asabar ɗin hunturu

Aka shirya 'yar karawar sada zumunci tsakanin ɗakunan atisaye na cikin gari, wata Asabar da hazo ya rufe Dala. Minti huɗu ne kowane wasa.

Na farko bai kai minti ɗaya ba. Girbin waje kai tsaye, ippon, wato cikakken makin da ke gama wasa nan take. Baƙo bai san shi ba, babu buƙatar rakiya.

Na biyu ya ga abin da ya faru, ya shigo a shirye. Da yaron ya taka hagu, sai ya turo da dukkan ƙarfinsa. Ban ga lokacin da aka yanke shawara ba, kuma na tabbata shi ma bai gani ba: tafin ƙafa ya tokare, mutum ya juya a iska ya sauka ta gefe. Waza-ari, wato rabin ippon, biyu ke gama wasa. Bai tsaya kallon alƙali ba, ya bi shi ƙasa ya zagaye wuya da hannu ya danne, daƙiƙa goma suka cika waza-ari na biyu. Ɗan Gwale ne ya fi kowa ihu.

Na uku bahago ne.

A nan duk ginin da muka yi ya nuna inda bai kai ba. Bahago hagunsa ke gaba, ƙafar daman da girbin waje ke nema tana can baya kamar Dawanau daga Ƙofar Nassarawa. Hannun rigar da yaron ya saba kamawa an ɓoye shi, kwala kuma hannu biyu na karo a kanta. Ya yi ta zagaye yana neman riƙon da ya sani, aka ba shi shido na rashin kai hari. Ya sake, aka ƙara masa. Minti huɗu suka cika ba maki, aka shiga ƙarin lokaci, inda duk wanda ya fara samu ya ci. Ina ta yi masa ihu girbin ciki, ga ƙafa nan a gabanka. Gajiya ta riga ta toshe kunne. Bahagon ya matso, gwiwarsa ta hagu ta zo daidai inda ake so a dandalin ƙauye, sai na ga kafaɗar yaron ta sunkuya.

Ya ɗauke shi cak, ya maka da ƙasa. Kaye mai kyau ƙwarai. Shido na uku.

Ya fito yana haki, ya durƙusa gabana. "Malam, wallahi hannun ne. Ban aike shi ba."

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Wata goma sha takwas ban taɓa haɗa shi da bahago mai nauyinsa ba, don a ɗakinmu bahago ɗaya ne, yaro ɗan shekara 15 da bai kai buhun sukari da rabi ba. Yanzu ni nake tsaya masa da hagu ranar Talata da Alhamis, kafaɗata na gaya mini shekaruna kowace safiya. Mun fara ɗora uci-mata a kan girbin ciki, tunda ƙafar da ke kusa ita za a ci, kuma tsallen langa na shiga nan ma. Dole sai ya ɗan juya baya kafin ya ɗaga cinyar, abin da ya ce ba a yi a garinsu. Makon jiya ya juya rabi.